Hulbar Inna da farin taki

Wanda ya san bayan Sauka Kahuta a Minna a yau ba zai yarda ba in na ce masa lambuna ne a wurin. Gidaje ne yanzu sun manne da juna, da shagunan cajin waya, da wurin wankin mota, da injin buga bulo da ke fara ƙara tun mutane ba su karya kumallo ba. Rafin da muke ɗiban ruwa ya zama kwata mai jan leda. Amma ni in na tsaya a bakin kwatar nan, kukan jigo kunnena ke ji, itacen nan da muke rataya wa guga muna jan ruwa, yana kuka in ya sunkuya, yana kuka in ya miƙe. Ina jin ruwan yana bin 'yar hanyarsa yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, waɗannan ƙananan akwatunan ƙasa da muke shuka a ciki, ina kuma jin muryar mahaifiyata, Inna, daga inuwar mangwaro tana cewa, "Auta, toshe haka nan, kada ka nutsar mini da ita." Hulba take nufi. Inna ba ta maganar hulba kamar shuka. Kamar wata baƙuwa mai saurin fushi take maganarta, wadda in ka ɓata mata rai ba za ta ce maka komai ba, sai dai ka wayi gari ta tattara kayanta.

Irin ba na ƙasar nan ba ne. Kakata, wadda ta haifi Inna, ita ta zo da shi. Sun tafi aikin hajji a ƙafa ita da mijinta tun suna da ƙuruciya, suka daɗe a hanya, suka zauna a Sudan suna aikin auduga don su sami guzurin komowa, a can ta ga matan wurin suna shan hulba kamar yadda muke shan kunu. Da suka dawo kakana ya sami aiki a reluwe aka kawo shi Minna, ita kuma ta kwance ƙullin da ta ɗauro a haɓar zane ta gwada a bakin rafi. Mutane suka yi mata dariya, wai abin ƙasar Larabawa ba zai yi a ƙasar doya ba. Ya kuwa yi. Lokacinsa ne dai gajere, ɗan tsakanin nan da ruwa ya ɗauke sanyi ya shigo, kafin zafin bazara ya sauko. A wancan zamani babu kantunan da ke jera hulba a kwalabe kamar yanzu. In mace ta haihu nono ya ƙi zuwa, ko wani ya rame bayan doguwar jinya, ko cikin tsoho ya ɗaure, gidanmu ake zuwa da kwano.

Abin da ya riƙe hulbar nan rami ne. Bayan ɗakin Inna akwai ramuka biyu, ɗaya a buɗe ana cika shi, ɗaya a rufe yana barci. Aikina na farko kowace safiya, kafin in ɗauki allo, shi ne in share turken awaki in kai kashin ramin da ke buɗe, in kwashe tokar murhu in watsa a kai, in bi da ɓawon gyaɗa da duk wani ganye da tsintsiya ta tara. Na tsani aikin nan. Abokaina suna hango ni da kwando a ka sai su toshe hanci, suna kirana sarkin kashi. In damina ta kama sai a rufe ramin da ƙasa, ba mai taɓa shi sai ruwa ya ɗauke. Ranar buɗewa Inna takan sa in cusa hannu har gwiwar hannu. "Me ka ji?" In na ce da ɗan ɗumi sai ta ce, "Rufe. Bai huce ba. Taki mai zafi na masara ne, ita ba a ba ta abinci yana tururi." In kuwa ya huce, sai ka ɗebo shi baƙi wuluk, sanyi ƙalau, yana marmashewa a hannu, ba wari ko kaɗan sai ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi. Ban da wannan, bayan girbi Fulani kan sauka da shanunsu a gonar Baba, mu ba su dawa, su bar mana abin da shanun suka zubar, wanda ya bushe ya tsufa mu kwaso mu ƙara. Ba wanda ya san ana sayen kashin dabba da kuɗi. Yanzu a buhu ake sayar da shi, ɗanye, makiyayan kuma ba sa kusanto gari, mu ma ba ma kusantar daji.

Duk da wannan wahala, fangalolinmu su suka fi na kowa muni a bakin rafin. Alayyafon maƙwabta kore shar, latas ɗinsu kamar a zana, hulbarmu kuwa gajeruwa, da ƙyar take kai gwiwa, ganyenta ƙanana, launinsa kamar na tsohon mayafi. Na taɓa ce wa Inna, "Wannan abar taki yunwa take ji." Sai ta tumɓuke guda ta karkaɗe ƙasar, ta nuna mini wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. "Ka ga waɗannan? Guzurinta ne. Ita da gyaɗa da wake duk da guzurinsu suke tafiya. Abin da take nema a wajenka ƙasa mai laushi, ba tuwo ba. In ka cika ta da ci, ado za ta tsaya yi ta manta da haihuwa." Na yi dariya. Abin da na sani dai, in kwanson ya fito, siriri kamar ƙahon ɗan akuya, sai ka ji shi cike dam. Ranar sussuka kuwa har maƙwabta na uku sun san muna aiki, don ƙamshin kan bi iska, ya kama tufafi, ya kama gashin kai. Tsabar tana zuba a faifai da ƙara kamar tsakuwa, rawaya, mai kusurwa, mai nauyi.

Mai sayen yawancinta wata Hajiya ce 'yar Bida, mai rumfar kayan yaji a kasuwa, aminiyar Inna tun suna amare. Ba ta taɓa karɓar hulba ba tare da ta gwada ba, ko da kuwa ta Inna ce. Takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a turmin haƙori. In ta ji ƙas, sai ta runtse ido don ɗaci, ta ce, "Kai, wannan muguwa ce! Auna mini duka." Inna ta ce, "Duka? To ni in shuka me, goron da kike tauna?" Hajiya ta ce, "Ke dai rowa ce za ta kai ki kabari, aminiya." Su yi ta dariya. Amma da gaske Inna take. Kafin mudu ya shiga cikin hulba, sai ta fara cire mafi kyau ta cika wani ɗan tulu ta liƙe bakinsa da laka. Daga tulun nan ma ba duka ake shukawa ba, kullum ana barin saura, ko da ƙwari ko wuta ko wani abin Allah. Da hulbar nan aka yi mana rufin kwano, da ita aka yi wa yayyena kayan ɗaki, kuma ba mu taɓa ɗaukarta muna neman mai saye ba. Tun tana fure ake zuwa kama layi. Da 'yar Hajiya za ta yi aure can wani ƙauye gaban Kuta, Inna ba ta ba ta tasa ko zane ba, cikin tafi biyu ta ɗebo mata daga tulu ta ce, "Ga gudummawarki. Ki nemi akuya."

Sai takin zamani ya zo. Ni lokacin na yi aure, Baba ya rasu, gwiwoyin Inna sun fara ƙin kai ta rafi, lambu ya dawo hannuna. Malamin gona ya zo da buhuna, ga kamfa mai tsakuwa-tsakuwa, ga yuriya fara tas kamar sukari, kuma a lokacin da arha, har roƙon mutane ake su karɓa. Na zuba wa masara da damina, ta yi abin da ban taɓa gani ba. Malamin bai ce mini in zuba wa hulba ba, bai ma san ta ba, da ya gan ta cewa ya yi wace ciyawa ce wannan. Ni na yi wa kaina lissafi. Na ce abin da ya ninka masara zai ninka hulba, kuma in haka ne me zai sa in tsaya a ɗan lambun da Inna ta saba? Na karɓi aron filin maƙwabci na haɗa. Fili ya yi yawa, iri bai isa ba, sai na je ɗakin Inna na sauko da tulun.

"Ina za ka da shi?"

"Bana duka zan shuka, Inna. In Allah ya yarda tulu goma zan cika miki."

"Ni tulu ɗaya na sani. Ramin fa? Ba zai ishi wannan filin ba."

"An daina wannan, Inna. Duniya ta ci gaba. Yanzu cikin hannu ɗaya na farin nan ya fi kwando goma na kashin awakinki."

Ta dube ni ta ce, "Gishiri ne ko sukari?" Na ce taki ne. Ta ce, "To, ni ban taɓa ganin takin da ba shi da uwa ba. Bar mini ko cikin cokali a gindin tulun." Na ce to. Ban bari ba. Da na zo fangalin ƙarshe ya rage ɗan wuri, na kife tulun na bubbuga gindinsa.

Wanda bai ga lambun nan a wannan shekarar ba bai ga kore ba. Na zuba wa hulbar farin takin, ta wuce gwiwa, ta kai cinya, ganye faffaɗa, duhu-duhu, har masu wucewa kan tsaya. Wani dattijo mai lambun albasa ya ce, "Auta, ashe tsohuwa ce ke danne ka!" Na ji daɗin maganar nan, Allah ya yafe mini, na kuma ƙara mata wani zubin. Lokacin da ya kamata ta yi fure sai ta ci gaba da ganye. Da furen ya zo, ya zo a makare, tsilla-tsilla. Sai jikinta ya yi mata nauyi, wata iska ta taso da rana tsaka ta kwantar da ita gaba ɗaya, ƙasan ya fara ruɓewa yana wari. Kafin abin da ya tsira ya ƙosa, zafi ya sauko, irin zafin Minna da ke sa kwano ya yi ta ƙara shi kaɗai. Kwanso ya bushe ba tare da ya cika ba. Ranar sussuka babu maƙwabcin da ya leƙo, don babu abin da iska ta kai musu. Tari guda na kara da ganye kamar dutse, tsabar kuwa a faifai ba ta ƙara, sai shuu kamar dusa, fara-fara, a yamutse kamar fatar tsohuwa.

Hajiya ta sa ɗaya a haƙori. Ba ta ji ƙas ba. Ta tofar a tafin hannunta ta duba, ta ce, "Yaro, wannan in na sayar wa mai jego ta dawo ta zage ni, gidan wa zan nuna mata?" Ba ta saya ba. Na zagaya da ita rumfa-rumfa, ni da ake bin mu har gida, a ƙarshe mai kaji ne ya karɓa. Na ware wadda ta fi dama-dama na shuka da sanyi na gaba, a kan takin rami wannan karon, ina ta addu'a. Ɗaiɗaiku suka leƙo, suka yi rawaya, suka koma. Shi ke nan. Abin da ya ƙetare hamada a haɓar zane ya ƙare a hannuna cikin shekara ɗaya. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Abin da ta ci gaba da yi shi ne kowace safiya ta ja jiki ta share turken awaki da kanta ta kai rami, ana rufewa ana buɗewa, ba abin da za a zuba wa, har ta bar duniya. Na so in je ƙauyen 'yar Hajiya in roƙo, kunya ta hana ni. Kullum sai in ce baɗi. Ana cikin baɗin gari ya iso bakin rafi, aka yanka lambunan fuloti-fuloti, aka raba gado, na koma sayar da kayan gwari, na tsufa a gidan haya a Kpakungu. Hulbar da ake sayarwa yanzu daga waje ake kawo ta, ba wanda ya san shekarunta a buhu. Nakan saya wani lokaci in shuka a gwangwani, ko ta ƙi fitowa, ko ta fito ta ƙi ƙasar.

Bara, bayan ruwa ya ɗauke, ina zaune a ƙofar gida sai wata tsohuwa ta tsaya a kaina tana kallona. Ta ce, "Ba Auta ba ne, sarkin kashi?" Sai da na daɗe kafin in gane 'yar Hajiya ce. Yaya nake ce mata tun muna yara. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyensu, mijinta ya riga ya rasu, ta biyo jikokinta suna zaune a wani kango da ba a gama ba, can ƙasan unguwarmu. Muka yi gaisuwa, muka yi ta'aziyyar waɗanda suka tafi. Ban iya haƙuri ba na ce, "Yaya, abin da Inna ta ba ki fa?" Sai ta sa hannu a lalitarta ta fito da wani ƙulli da bai fi ƙwan kaza ba. Tun kafin ta kwance shi na ji ƙamshin hulbar Inna.

"Ranar da muka gudu ban ɗauki ko takalmi ba," in ji ta. "Wannan a jikina yake kwana shi ya sa. Amma ya kwana biyu, Auta. Sanyi biyu ke nan ba mu iya zuwa fadama ba. In ya ƙara wani, ba na jin zai tashi."

Na ce ta ba ni. Ta ce, "Kai? Labarinka har ƙauyenmu ya je." Na ce na sani. Ta ce, "Amana ce, ba kyauta ba. In ta haihu ka kawo mini in gani." Ta miƙo, ta janye, ta sake miƙowa.

Fili na samu a bayan wurin buga bulo, ba nisa da inda lambunmu yake a da, ɗan siririn wuri kusa da rijiya. Mai wurin ya ce in yi, amma in sani da zarar zafi ya shigo zai sauke bulo ya fara gini. Abin da ban da shi taki ne. Rami yana son damina guda cur, ni kuwa sanyi ya riga ya shigo, iri ba zai jira ba, fili ba zai jira ba. Masu gidan kaji suna sayar da nasu, amma ɗanye ne, in ka sa hannu a buhun sai ka ji zafi kamar tuwo. Sai na ɗauki buhu da tsintsiya da ɗan guntun ƙarfe na shiga Kpakungu gida-gida, duk inda na ji kukan akuya in yi sallama. Ba na saman nake so ba, na ƙasan nake roƙo, wanda ya daskare a kusurwar turke shekara da shekaru ba a kankare ba. Wata mata ta ce, "Baba, in sadaka kake so ka faɗa, ga sauran tuwo." Wata ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga tsohon da ke shinshina kashin akuya. Na bi masu tuyar ƙosai ina kwashe toka. Labari ya kai kunnen babban ɗana, wanda ke tuƙa keke mai ƙafa uku, a wajensa nake zaune. Ya same ni a durƙushe a turken wasu mutane.

"Haba Baba! A tasha yau ba wanda bai tsokane ni ba. Wai in kai ka asibiti a duba kanka."

"Ka ce musu kan nawa yau ya fi na da lafiya. Riƙe bakin buhun."

"Don Allah nawa ne mudun taki? Ko yini zan yi ban ci ba zan saya maka ka huta."

"Kada ka kuskura. Ko warinsa ba na so ya je wurin."

Na ɗauka ya ji. Laifina ne da na tsaya a nan. Yaran nan ban taɓa zaunar da su na ba su labarin lambun ba, sun dai san kakarsu ta yi noman wani abu. Ya riƙe buhun yana kawar da kai, ya sa a kekensa ya kai mini.

Na shuka. Ba duka suka tashi ba, ko rabi ba su kai ba, amma sun tashi. Ranar da na ga ganyen nan uku-uku sun buɗe, zama na yi a kan bulo na rufe fuska da hula. Gajeru, marasa kyan gani, daidai yadda ya kamata. Ina zuwa da safe in koma da yamma, ina ja musu ruwa guga-guga. Ana haka zazzaɓi ya kwantar da ni, irin wanda ke sa mutum bai san gabas ba. Ɗana ya ce kada in damu, zai riƙa biyawa yana ba su ruwa kafin ya fita aiki. Ya kuwa yi, bai fasa ba ko sau ɗaya. Da na fara tashi zaune sai ya shigo da fara'a ya ce, "Baba, yau zan kai ka ka ga abin mamaki. 'Ya'yan naka sun warke sun riga ka."

Tun daga nesa na hango koren. Na san shi. Shekara nawa ban gan shi ba, amma na san shi kamar fuskar wanda ya taɓa marina. Na sauka daga keken tun bai gama tsayawa ba. A gefen fangali, inda ruwa bai kai ba, ga 'yan fararen ƙwayoyi nan ba su gama narkewa ba.

"Gani na yi sun yi fari kamar masu ciwon shawara," in ji shi, muryarsa ta fara sauka. "Kowa ya wuce sai ya ce yunwa ce. Na ce kada ka tashi ka tarar sun mutu, ciwon ya dawo. Kaɗan na sa, Baba. Wallahi kuɗin man keke na ɗauka."

Na dube shi. Yaron nan bai yi don riba ba, ni kuwa don riba na yi. Na ce, "Kawo guga."

Muka yi ta ja muna kwarara, muna buɗe gefen fangali ruwan ya wuce da abin da zai iya wucewa da shi. Shi yana ja, ni ina karkatarwa, jiri yana ɗibata. Mai bulo ya fito yana faɗa za mu ƙafar masa da rijiya. Ɗana ya je ya kira mai tura kurar ruwa, ya ce a zuba. A wajen aikin nan na ba shi labarin duka, da tulun, da mai kaji, da yadda kakarsa ta yi ta share turke. Yana ji, gugan dai ya ƙara sauri. Bayan nan na bi kawunan da suka fi zaƙewa na tsittsinke, na kakkafa tsinke na ɗaure su don kada su kwanta, na rage musu ruwa don su tsorata su yi fure. Duk abin da na sani na yi, har da wanda ban sani ba. Furen ya zo, amma a makare. Ni ina kallon kwanso, mai wuri yana kallon sama. Zafi ya sauko, motar yashi ta zo ta juye a bakin fangalin farko. Na roƙe shi ya ƙara mini kwanaki, ya ƙara, na sake roƙo, ya ce, "Baba, magina na biya." Na tumɓuke su da sauran ɗanyensu, na shanya a kan tabarma a tsakar gida ina korar kaji.

Ɗana ne ya kai ni kangon da Yaya take. Na miƙa mata a cikin kwano. Ta juye a faifai, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta fara tsincewa da ɗan yatsa, cikakkiya dama, yamutsattsiya hagu. Ta daɗe tana yi. Tarin hagu yana girma. Da ta gama, na dama bai kai abin da ta ba ni ba. Amma sabo ne, rawaya, kuma da ta tattara shi ya yi 'yar ƙara.

"Ya rage," ta ce.

"Ya rage, Yaya."

"Amma ya sami ƙarin shekara." Ta yage gefen wani tsumma ta ƙulle shi tam.

Na ce, "Ko ƙwaya goma ba za ki bar mini ba?"

"Ka shuka a ina? A kan bulo?"

"Ke fa, a ina?"

"Gida. Fadamata tana nan, turken awakina yana nan, ba wanda ya kankare shi. Su awakin suka kora, kashin ba su ɗauka ba." Ta cusa ƙullin a lalita ta ja zane ta rufe.

Ɗana, da ke tsugune a bakin ƙofa tun da muka zo, ya ce, "Gwaggo, duk ranar da za ki koma ni zan kai ki, ko a ina ƙauyen yake. Ba sai kin biya ba."

Ta dube shi sama da ƙasa, ashe labarin ya riga mu zuwa. "Kai ne mai farin abu?"

"Ni ne, Gwaggo."

"To, ka zo. Amma sai na caje aljihunka kafin in hau."

Muka yi dariya mu uku, har jikokinta suka leƙo su ga abin da ya faru. Wannan kafin damina ne. Yanzu ruwa ya ɗauke. Kowace safiya ɗana kan tsaya a tashar motocin Kuta ya tambayi direbobi ko ana wucewa gaba zuwa ƙauyen su Yaya, kullum amsar ɗaya ce, wai ko masu doya ba sa shiga. Jiya da na fito alwala na ji ruwan buta ya fara sanyi.